Gidan da Ya Daina Shara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Zuwaira, autata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Nasiru da iyayensa, da duk wanda ya tarbe ki da sakin fuska a Bacirawa. Allah Ya sa kin shiga ɗakinki a sa'a, Ya tsare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani, Ya sa ki saba da wurin kafin kewar gida ta dame ki. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar nan da kika sani, ita ma ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Kin san ni ba gwanin rubutu ba ne. Abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci nake ta ja har yau, don haka in kin ga layi ya karkace kada ki yi dariya a gaban mijinki, ki bari sai ya fita. Da waya zan kira ki, amma waya ba ta barin mutum ya gama magana. Ana gaisawa za ki ce Baba ka ci abinci, in ce na ci, shi ke nan zance ya ƙare. Labarin gari kuma Baffanki Idi zai ba ki, tunda shi zai kawo miki wannan takarda, kuma kin san bakinsa ba ya gajiya. Matan da suka raka ki sun yi miki nasihar haƙuri da biyayya har kunnenki ya cika, ina jin su daga zaure. Ni tawa nasihar a kan shara ce. Na san za ki ce Baba ya tsufa, ya aurar da auta ya rasa abin da zai bi ta da shi sai maganar bola. Ki dai daure ki karanta.

Bayan 'yan biki sun watse, sai da aka yi kwanaki ana fitar da shara daga gidan nan. Daga nan gida ya yi tsit. Wata safiya na dawo daga masallaci na ga tsintsiyarki a jingine bayan randa, inda kika saba ajiye ta. Na leƙa zaure na tabbata ba kowa, don kada a ga dattijo da tsintsiya a kai labari majalisa, sannan na share tsakar gida tun daga ƙofar ɗakin marigayiya Innarki har turken akuya. Abin da na tara bai cika tafin hannuna ba, ganyen darbejiya ne da ɗan gashin kaza. Ba toka, don ba a hura wuta. Ba ɓawon albasa, ba ƙaiƙayi, ba tsinken kuɓewa. Abincina daga gidan Baffanki yake zuwa, Allah Ya saka wa matarsa, kuma a leda take malmalo tuwon kamar yadda ake yi yanzu. To ledar tuwon nan ita kaɗai ce sharar da gidanmu yake yi. Tunda nake ban taɓa kawo wa raina gida zai iya rasa shara ba. A ranar na san kin tafi da gaske, ba ranar da mota ta ɗauke ki ba.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne gayaunar Innarki, 'yar gonar nan ta bayan gida da na yanka mata shekarar da aka kawo ta. Lallen da ta shinge ta da shi, shi aka tsinko aka daka aka sa miki ranar kamu. Gayaunar nan ba ta taɓa cin komai ba sai abin da gidan nan ya fitar: tokar murhu, sharar tsakar gida, kashin awaki da na kaji, duk a tara a bingin da ke gindin katanga su ruɓe, in bazara ta yi a kwashe a kai mata. Innarki ta ciyar da ita haka har ta bar duniya, ke kuma kika ci gaba. Yanzu bingi ya yi ƙasa, har kaji sun daina tono a kansa. Awaki an sayar lokacin kayan ɗaki, ban kuma yi da-na-sani ko kaɗan ba, tsohuwar nan guda ce ta rage. Damina tana tafe, gayauna ba ta da abin ci, kuma a duk ƙasar da nake nomawa ita kaɗai ta rage da rai. Zan dawo kan maganarta. Bari ki fara jin yadda aka yi sauran suka lalace, don da hannuna aka yi.

Lokacin da nake yaro, kakanki yana da jakai. Da rani mukan ɗora musu kara da itace mu shiga birni mu sayar, mu dawo da mangala cike da takin birni. Kowa a ƙasar nan haka yake yi, don gonakinmu ƙanana ne, a manne da juna, ba wanda yake da filin da zai bar gona ta huta. Abin da muka ci daga ƙasa dole mu mayar mata. Sharar birni a wancan zamani toka ce, da kashin dawaki da na tumaki, da ganyen da aka ƙunsa abinci a ciki, da tsohuwar tabarmar kaba. In ka damƙi takin nan baƙi ne, da laushi, da ɗumi. Wanda ya fi kowa kawo takin birni shi ya fi kowa dami, kuma kakanki yana cikin waɗanda ake nunawa. Na tashi da wannan a kaina, cewa takin birni ba shi da na biyu.

Kuskurena na farko shi ne ban lura birni ya sake abin da yake zubarwa ba. Jakai suka ƙare, tifa ta zo. Direba zai loda bola guda daga cikin gari ya juye maka a gona, da araha, ba wahalar mangala. Ranar da aka juye mini ta farko na tsaya ina murna, ina ganin na fi ubana dabara. Innarki ta fito da mayafinta, ta zagaya tarin, ta sa kara ta tona. Ledoji baƙaƙe, ledar fiya-wata, robar lemo, fasasshiyar kwalba, tsohon batir, takalmin yaro wari guda. Ta daɗe tana tonawa kafin ta ɗago.

Ta ce, "Malam, wannan ba taki ba ne. Ka zuba a gonarka in ka ga dama, amma kada shebur ɗaya ya tsallaka lallen nan."

Na yi mata dariya. Dama ina tsokanarta da suna Duba-gari, saboda yadda take raba sharar gida kamar mai rabon gado. Abin da zai ruɓe, bingi. Abin da dabba za ta ci, akwai kwatarniyarsa. Reza da allura da kwalba da batir, akwai wata tsohuwar tukunya mai murfi da ba wanda ya isa ya taɓa. Leda kuwa wanke ta take yi ta shanya a kan zana ta sake amfani da ita, in ta yage ta tufka ta ta yi igiyar ɗaure kara. Na ce mata ƙasa ba abin da ba ta ci, ta ci mutum ma balle leda. Ta juya ta koma cikin gida.

Shekarun farko gero ya yi kyau, don akwai taki na gaske a cakuɗe da ledar. Na riƙa yi mata gori a kan tsawon zangarniyata. Duk rani sai na ƙara tifa. Takin yana narkewa cikin ƙasa, ledar tana nan, shekara tana hawa kan shekara. Sannu a hankali garma ta fara fitowa da tsumman leda a bakinta. In aka yi ruwa sai ya kwanta a wani wuri, wani wurin kuma ka tona ka tarar da ƙasa a bushe ƙarƙashin shimfiɗar leda. Ka tuge geron da ya tsumbure, ka ga saiwarsa ta nannaɗe a cikin ledar fiya-wata ta rasa hanyar sauka. Noma babu takalmi ya gagara. Tabon da ke dunduniyata, wanda kike tambaya kina ƙarama nake ce miki kura ce ta cije ni, gindin kwalba ne. Yau shekara da shekaru na daina sayen bola, amma har yanzu kullum da safe tsintar leda nake yi a gonar nan, kuma ban ga ƙarshenta ba.

Don haka, Auta, kada ki ce abu yana da kyau don kawai yana da kyau a zamanin iyayenki. Ki sa kara ki tona ki gani da idonki. Kuma ki raba shararki tun daga hannunki, tun kafin ta haɗu, don in ta riga ta cakuɗe ba mai iya raba ta sai da baƙin ciki.

Da na ga leda ta yi yawa, sai na ce wuta ce maganinta. Na tara tari guda a gefen gona na cinna. Ban san akwai gwangwanin maganin sauro a ciki ba. Ya fashe da wata irin ƙara, na zube a ƙasa ina salati, gefen gemuna ya babbake. Mutanen majalisa sun yi wata guda suna ce mini mai rabin gemu, wannan kam na cancanta. Abin da ba na dariya ba shi ne hayaƙin. Iska ta kwashe shi, baƙi ƙirin, ta shigar da shi cikin gida. Innarki da yayyenki suka kwana biyu suna tari, ke kina goye a lokacin, numfashinki har ƙara yake yi. Na zauna a bakin ƙofa ina jin wannan ƙarar, na rasa inda zan sa kaina don kunya. Inda na yi wutar kuma ƙasa ta daskare ta yi ɓawo, har yau ko ciyawar kirki ba ta fita a wurin.

Na san a cikin gari mata da yawa da leda suke hura gawayi, don tana kamawa da wuri. Kada ki yi. Wannan hayaƙin da ke sa ki kau da fuska, a ƙirjinki yake sauka, gobe kuma a ƙirjin abin da za ki goya. Ki nemi ɗan kara ko tsinke ko takarda, ki yi haƙuri da fifita. In maƙwabciya ta cinna wa bolarta wuta a jikin katangarki, kada ki yi faɗa, baƙuwa ce ke. Ki shiga ki gaishe ta, ki ba ta labarin gemun babanki. In ta yi dariya za ta fi saurin ji.

Ko kina tuna Kyalla? Jar akuyar nan mai fari a goshi, wadda kike bi da ɓawon rogo. Jikar akuyar da Innarki ta zo da ita daga gidansu ce. Bayan kaka, da aka saki dabbobi su yi kalar gona, a gonata take yini. Sai muka ga tana cin abinci amma tana ramewa, ciki ya yi tulu, ƙashin baya ya fito. Muka ba ta kanwa, muka ba ta jiƙo, har aka fara cewa baki ne ya kama ta. Da malamin dabbobi ya zo ya danna cikinta, sai ya girgiza kai ya ce a yanka tun da sauran numfashi. Mahauci ya buɗe tumbi ya zaro dunƙulen leda, a murɗe, ya kai girman ƙwarya. Ga 'ya'ya biyu a cikinta da ba su isa haihuwa ba. Ledar da aka ƙunsa abinci tana da gishiri da maiƙo, dabba ba ta san bambanci ba, lasa take yi har ta haɗiye.

Innarki ta matso wurin. Ta sa kara ta ɗauki dunƙulen nan ta ajiye shi a bakin zaure, daidai inda nake cire takalmi. Na shiga na gan shi, na fita na gan shi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ke kuma kika yi ta kuka kina tambayar inda Kyalla ta tafi, ba wanda ya ci naman nan a gidanmu, rabar da shi aka yi. Ki tuna da ita duk lokacin da hannunki ya ɗaga zai wurga leda ta kan katanga. A Bacirawa ma akwai awaki suna yawo a layi, kuma kowace akwai matar da ta dogara da ita.

Kuskure na ƙarshe da zan faɗa miki ya shafi Baffanki, in kin tambaye shi zai ƙara gishiri. Ledar da nake tsinta na rasa inda zan kai ta, ƙonawa ta gagara, sai na riƙa zubawa a kwarin da ke bakin hanya, ina cewa ai ba gonar kowa ba ce, ruwa zai tafi da ita. Ruwa kuwa ya tafi da ita har bakin kwalbati, ta toshe shi. Ruwan da ya rasa hanya ya juyo ya shiga gidan Idi, katangarsa ta gabas ta zube, dawar da ke ƙasan rumbu ta jiƙe. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Ni na kwaɓa ƙasar da aka tayar da katangar, amma duk da haka sai bayan Babbar Sallah ya koma yi mini magana da sakin fuska. Uwa ɗaya uba ɗaya, leda ta kusa raba mu. An ce mini a gari da zarar hadari ya haɗo wasu sukan fito da shara su juye a kwata, don ruwa ya kwashe. Ruwa ba ya ɓatar da komai, 'yata, gidan wani yake kai wa. Wata rana kuma ke ce a ƙasan layi.

Ranar da Malam Nasiru ya ɗauke ni ya kai ni na ga gidan da za ki zauna, ban faɗa miki abin da na gani ba, don kada in ɓata miki farin ciki. Gidan ya yi kyau, Allah Ya sa albarka. Amma na san wurin. Ta nan muke bi da jakai, gonaki ne da kuka da ɗorawa, har akwai rijiyar da muke shayar da su. Yanzu gini ya cinye. A jikin gidanku akwai kangon da ba a gina ba, an mayar da shi bola, ta kusa kai tsawon katanga. Muna tsaye sai ga tifa ta ja baya, masu shebur suna lodi. Na tambayi direban ina za a kai, ya ce ƙauye, manoma sun saya. Wato abin da za ki zubar a kangon nan, ba ɓacewa zai yi ba. Mota zai hau ya biyo hanyar da kika bi aka kai ki, ya sauka a gonar wani tsoho irina.

Ina yawan tunanin wannan in ina tsintar leda ni kaɗai. Mutum ya daɗe yana tsintar sharar mutane sai ya fara saninsu. Ga gidan da aka yi haihuwa, don ga famfas. Ga gidan da aka yi jinya, don ga kwalaben magani da sirinji. Ga tsinken tsire, ga karyayyen abin wasan yara, ga awarwaron roba. Ban san su ba, ba su san ni ba, amma yanzu su ne abokan hirata da safe. Ba na jin haushinsu, don ba su san inda abin yake zuwa ba. Ke kin sani. Ba na so wata rana in sunkuya in ɗauki leda in riƙa tunanin ko daga hannun 'yata ta fito.

Ga abin da nake so ki yi, ba shi da wuya, kin ma saba. Gwangwani da ƙarfe da tsohuwar roba ki tara wa 'yan gwangwan, suna zagayawa har ƙofar gida. Kwalba da reza da batir ki samar musu abu mai murfi kamar tukunyar Innarki, kada su taɓa haɗuwa da sauran shara, don ƙafar wani ce a ƙarshen tafiyarsu. Ledar fiya-wata an ce akwai masu saye su kai inda ake narkawa, ki sa mijinki ya bincika. Baƙar leda kuwa, gaskiya ban san makomarta ba. Na ƙone, na binne, na zuba a kwari, duk na ga abin da ya biyo baya. Abin da na sani kawai shi ne wadda ba ki karɓo ba ba za ta dame ki ba. Ki tafi cefane da kwandonki, ki aika markaɗe da roba mai murfi, in mai kanti ya miƙo miki leda don ashana guda ki ce ya bar ta. Za su ce amarya baƙauya ce. Ki ce e, daga ƙauye kike, kuma kin ga inda ledar take kwana.

Yanzu bari in koma kan gayauna. Direban tifar da nake saye a hannunsa a da ya biyo ta nan kwanaki, ya ga bingi ya yi ƙasa, ya ce yana da lodi mai kyau, rabin mota ma ya ishi 'yar gonar nan. Yayyenki kuma sun kira daga inda suke neman abinci, suka ce masu yanka fuloti sun fara matsowa, in sayar da gayaunar in huta, tunda ba mai ci sai ni. Ba su faɗi don mugunta ba, gwiwata suke tausayi. Baffanki ya ce in watsa mata takin zamani kawai. Na gaya masa na gwada a babbar gona, shuka takan yi kore, amma ƙasar ƙara zama rairayi take yi in babu ruɓaɓɓen taki a ƙarƙashi. Duk na ce musu zan yi shawara.

Jiya da yamma na shiga gayaunar na zauna a gindin zogale. Na sa hannu na damƙi ƙasa, baƙa, da laushi, ba ko ƙyallin leda. Duk tuwon da aka tuƙa a gidan nan tokarsa tana cikinta. Tokar ruwan wankan jegon haihuwarki tana ciki, da ta abincin sadakar Innarki, da ta bikinki da na kwashe na kai. Na tuna yadda take tsugunawa tana tsinkar yakuwa tana yi mini faɗan na taka mata kuɓewa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye, don ba kowa a wurin. Kaɗaici yana damuna, Zuwaira. Ina kewar Innarki, ina kewar ƙarar tsintsiyarki da safe, har faɗan da kike yi mini in na shigo da ƙasa a takalmi ina kewarsa. Na tashi daga wurin na san ba zan sayar ba, kuma shebur ɗaya na bola ba zai tsallaka lallen nan ba ina raye. Amma ƙin sayarwa ba ya ciyar da ƙasa. In ta yi damina biyu ba taki za ta mutu a hannuna, kamar yadda babbar ta mutu.

To ga roƙona. Gidana ya daina shara, naki ya fara. Na ji an ce mijinki ya saya miki gas, madalla, amma na san ba za ki dafa wake ko ganda a kansa ba, kurfoti za ki hura. Ki tara mini tokar. Ɓawon doya da na dankali da na ayaba, ɓawon ƙwai, ganyen shayi, guntun kayan miyan da ya lalace, ki shanya su a rana su bushe don kada su yi wari su tara ƙuda, ki haɗa da tokar ki zuba a buhu. In kin saba da maƙwabta, ki roƙi tasu tokar, ba mai hana toka. Ni ma a nan zan bi gidajen dangi in roƙi abin da ya samu, ga tsohuwar akuya tana ƙoƙarinta. Na san buhu ɗaya ba zai ƙosar da gona ba, shekarata nawa ina noma. Amma gayaunar nan ba ta taɓa cin abin da bai fito daga hannun matan gidan nan ba, kuma ke kika rage.

Sharaɗi ɗaya ne. In buhun ya cika kada ki ba direba, kada ki ba Baffanki, kada ki ba kowa saƙo. Ki nemi izinin mijinki ki kawo da kanki, in ya samu dama ku zo tare. Ni ban iya gyara bingi yadda kuke yi ba, kullum sai na zuba toka ta yi yawa a gefe guda. Ki zo ki juye da hannunki, ki hura wuta a murhun Innarki ko ruwan shayi ne ki dafa mini, ki ɓata tsakar gida da ɓawon albasa. In kin tafi zan samu abin sharewa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki, Ya haɗa kanku da maigidanki, Ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Allah Ya tsare ki a kwance da tsaye, Ya tsare ki daga wuta da ruwa da sharrin hanya, Ya kawo mini ke lafiya Ya mayar da ke lafiya. Allah Ya jiƙan Innarki, Ya haskaka kabarinta, Ya ba mu damina mai albarka. Ki gaida Malam Nasiru, ki ce masa na gode da riƙon da na ji yana yi miki.

Buhun da Baffanki zai ba ki tare da wannan takarda shi ne na tokar, na wanke shi na shanya. Zai ce miki akwai manyan buhuna a rumbu, ya yi ta yi mini surutu a kan me ya sa ban ba da babba ba. Na san da su. Ƙaramin na zaɓa, don ya yi saurin cika.

Wassalam.

Mahaifinki.